Biyayyar Mutanen Ameyalko

Sebil, ƙasar Kastila, farkon sanyi

Zuwa ga yayata Petronila, a Puebla.

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da maigidanki Bernabe, da yara, da gwiwar nan taki da ke tashi duk damina. Ni dai ina nan da raina, na rame, amma bakina bai rame ba.

Na san kin ji haushi da na ratsa Puebla ban tsaya ba, na bar miki saƙo a bakin mai alfadarai. Ayari ba ya jira, kuma da na tsaya da kin ɓoye mini takalma. To ga cikakken bayani. Alƙali Arriaga, wanda aka naɗa ya tattara ƙananan garuruwa wuri guda, ya hau garinmu Ameyalko ya karanta mana cewa mun yi wa babban coci nisa, mun yi wa mai karɓar haraji nisa, saboda haka mu kwashe mu koma San Andres, can ƙasa inda ruwan rijiya ke da gishiri. Mu bar idon ruwanmu, mu bar Inna da Baba binne a ƙarƙashin daɓen coci, mu bar gonar magei da Baba ya dasa, tsiron nan da sai ya yi shekaru kafin a tatsi ruwansa a yi giya. Don mu san ba wasa yake ba, ya sa aka sauke ƙararrawarmu aka tafi da ita.

Mun kai kuka birnin Meziko, aka ce umarnin na Sarki ne. Sai Don Silbestre, shugaban garinmu, ya ce to in na Sarki ne, a je a gaya wa Sarki. Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ni aka haɗa shi da ni saboda Kastilancin da malaman coci suka ɗura mini da bulala, da wanda na ƙaro a kasuwar barkono, wanda ba a faɗa a coci. Alƙalin yana da garuruwa da yawa a gabansa, namu ne na can ƙarshen dutse, muna fatan mu riga shi.

Yaya, teku. Na yi ta neman abin da zan kwatanta miki shi da shi, na rasa. Duk rayuwarmu ba mu taɓa ɗaga kai ba mu ga dutse ba. A can babu komai, ruwa ne ya kewaye ka kamar faifai, kai kana tsakiya, gobe ma kana tsakiya, wata ya mutu wani ya tsaya kana tsakiya. Don Silbestre yakan zauna a gefen jirgi tun safe yana kallon ruwa. Wata rana ya ce mini yanzu ya gane me ya sa Kastilawa ke zuwa mana a fusace. A Habana jirage suka taru kamar garke, aka tafi tare saboda ɓarayin ruwa, kuma cikin kowane jirgi azurfa ce jibge a ƙasa, muna kwana a kanta muna cin gurasa mai tsutsa.

A nan Sebil kogin ba a ganin ruwansa don itatuwan jirage. Na tsaya na ga ana sauke azurfar nan a keken shanu, dunƙule-dunƙule kamar tubali, kuma mai sayar da lemo da ke gefe ko waiwayawa bai yi ba. Amma abin da ya fi tsayar da ni shi ne, na ga Bakastile yana bara. Na ga Bakastile yana tallar ruwa, wani yana kwashe kashin jaki. Wani ma hannu ya miƙo mini, ni Toribio, ya ce mini maigida. Na ba shi sadaka don kawai in sami abin ba ki labari.

Matan kasuwarsu kamar namu ne, baki ba linzami. Wata mai kifi ta daka mini tsawa, wai kai mutumin Indiya, don haka suke kiran ƙasashenmu, ina zinaren? Na ce mata, Uwa, ai 'ya'yanki sun riga ni kawo shi, ni bin sawunsa na zo. Ta yi dariya har ta ƙara mini kifi. A tagar gidan da muka sauka kuma na tarar da barkono a tukunya, wai ado suke yi da shi. Na tsinki ɗaya na tauna, matar gidan ta yi alamar gicciye ta tsaya tana jiran in faɗi.

Gobe za mu kama hanyar Madrid, inda fadar take. Ki kunna mana kyandir. Ki gaida Bernabe, ki ce masa na ga inda ake yin ruwan inabin da yake yabo, kuma da ƙafa ake taka shi.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Toribio

Madrid, ƙarshen sanyi

Yaya Petronila,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida duka, ina fata wasiƙata ta fari ta same ki kafin wannan, don an ce wani lokaci ta baya ke riga ta gaba, wani lokaci kuma kifi ke karanta su duka.

Albishirinki. Amma bari in bi da ke ta hanyar da muka bi.

Daga Sebil zuwa nan ƙasa ce busasshiya, ja, ba ko karan masara, sai tumaki da ƙauyuka masu kama da waɗanda aka gudu aka bari. Ina tafe a kan alfadari ina ce wa raina, wai daga nan ne aka fito aka cinye duniya? Har yau ban gama mamakin nan ba.

Majalisar da ke riƙe da ƙasashenmu tana cikin fadar Sarki, a wani ɓangare mai dogon soro da bencuna. A bencin nan muka ci sanyin bana. Yaya, a soron nan na ga girman abin da muke ciki. Ga wata gwauruwa daga Santo Domingo, ga soja mai kunne ɗaya daga Fulorida, ga wani daga tsibiran Manila da ya rantse mini cewa in rana ta fito a nan, a garinsu faɗuwa take shirin yi. Kowa da takardarsa a ƙirji, kowa yana magana da Kastilancin da ya karye ta wani gefe daban. Duk mu talakawan mutum ɗaya ne, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa.

Abokin zamana wani dattijo ne daga Peru, sunansa Kispe, mai barkwanci, ya zo kan maganar mutanensu da ake kwasa zuwa ramin azurfa. Ya ce wannan zuwansa na biyu ne. Na ce, Baba, na farkon ba su ba ka takarda ba ne? Ya ce sun ba shi, kyakkyawa kuwa. Na ce to me ya dawo da kai? Sai ya ɗora tafin hannunsa a tsakar kansa, ya yi dariya, ya ce in na koma gida zan gani. Na ɗauka tsufa ne.

Ranar da aka kira mu, muka tarar da tsofaffi cikin baƙaƙen kaya a bayan dogon tebur. Don Silbestre ya warware ƙyallen nan da kakanni suka zana garinmu a kai, wanda ake fitowa da shi ranar biki, ya shimfiɗa musu. Yana nuna idon ruwa da sawun ƙafafun da suka zo suka kafa gari, ni ina juya musu magana. Na shirya in yi musu ƙarin gishiri irin na kasuwa, sai wani tsoho mai ido ɗaya fari ya katse ni, ya tambaya ko San Andres ɗin nan shi ne wanda rijiyoyinsa ke da ɗaci. Wani malamin coci ne ya taɓa rubuto hakan, shekarun baya, shi kuma ya karanta bai manta ba. Mutumin nan bai taɓa hawa jirgi ba, Yaya, bai san ɗanɗanon wainar masara ba, amma yana zaune a ɗaki mai sanyi ya san ɗanɗanon ruwan San Andres. Daga nan na daina ƙari, na faɗi gaskiya tsirararta, abin da ban saba ba.

Sarki kuwa ba mu gan shi ba. Wani mai gadi ya nuna mana wata taga can sama mai labule, ya ce nan yake aiki. Don Silbestre ya cire hula ya tsaya a cikin iska yana kallonta har sai da na ja shi, don tari ya kama shi tun tsakiyar sanyi.

Amma takarda ta fito. Ta ce a bar mutanen Ameyalko a ƙasarsu da ruwansu, a mayar musu da ƙararrawarsu. A ƙasanta kalmomi biyu ne kacal: Ni, Sarki. Ba suna, ba kirari. Na daɗe ina kallonsu. Ni da nake cika baki kafin in sayar da mudun barkono, ga mutumin da kalma biyu suka ishe shi daga nan har inda rana ke faɗuwa. Don Silbestre ya naɗe ta a cikin gwangwani, ya rataya a wuya ƙarƙashin riga, da ita yake kwana.

Za mu bi jiragen bazara. Ki aika Ameyalko a gaya wa Donya Magdalena, matar Don Silbestre, mijinta yana tafe da abin da ya je nema, a gaya wa matata Kasilda mijinta bai auri mai kifi ba.

Naki har kullum,
Toribio

Ameyalko, lokacin azumin Ista

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Bernabe da yara. Na gode da zumar da kika aiko da kuma zagin da ya biyo ta, na karɓi duka biyun. Na sake ratsa Puebla ban tsaya ba, amma wannan karon za ki yafe mini.

Don Silbestre bai iso ba. Tarin ya ci ƙarfinsa muna tsakiyar teku. Kafin ya cika ya cire gwangwanin ya rataya mini, ya ce, "Toribio, ka rage surutu ranar. Ka bar takardar ta yi magana." Aka naɗe shi a tsumman jirgi aka sauke shi cikin ruwan nan da ya yi ta kallo. Mutumin da ya tafi don kada a raba mu da kaburburanmu, shi ne ba shi da kabari. Da na gaya wa Donya Magdalena, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta taɓa gwangwanin, ta tambaya ko ya ga an sa hannu. Na ce ya gani.

Mun iso a kan gaɓa, don Alƙali Arriaga ya gama da garuruwan ƙasa, saura mu. Aka aika masa, ya hau da magatakardansa da dogarai. Gari duka ya taru a ƙofar coci. Na fito da takardar, na miƙa, ban ce komai ba kamar yadda aka umarce ni.

Yaya, ban taɓa ganin ladabi irin na ranar ba. Da alƙalin ya ga hatimin Sarki, sai ya sauko daga doki, ya cire hula. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya sumbace ta, ya ɗora ta a tsakar kansa, ya runtse ido. Mutumin da ya rushe garuruwa, ga shi tsaye kamar yaro a gaban takarda. Mata suka fara guɗa, tsofaffi suna hawaye. Sai ya buɗe baki, takardar tana bisa kansa, ya ce: "Na yi biyayya ga umarnin Sarkina kuma ubangidana. Amma ba zan zartar ba, sai an ƙara sanar da shi gaskiyar lamari."

Magatakarda ya rubuta. Alƙali ya sauke takardar, ya sake sumbatarta, ya sa a akwati. A nan na tuna Kispe da tafin hannunsa.

Donya Magdalena ta matso ta ce in juya mata abin da ya faɗa. Na juya. Ta ce in sake, a hankali. Na sake. Ta tambaya ko hakan ya halatta a wurinsu, na ce ga alama, tunda ga magatakarda ya rubuta kuma ba wanda ƙasa ta haɗiye. Wai al'adarsu ce tun can Kastila: Sarki ba ya kuskure, sai dai a ba shi labari ba daidai ba, saboda haka bawan kirki ya girmama umarnin, ya jingine shi, ya rubuta wa Sarki, ya jira. Jiran da ni na san tsawonsa.

Ban san ko tsoro nake ji ko mamaki ba. Na ƙetare teku sau biyu, na bar dattijo a cikinsa, kuma numfashi ɗaya ya ishi mutumin nan ya ce i da a'a tare, ba wanda zai ce ya yi tawaye. Na ga 'yan damfara a kasuwanni da yawa, ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba.

Alƙali ya ce bayan Ista zai dawo da nasa umarnin a rubuce, da sunan Sarki. Wanda bai tashi ba, za a sa wa rufinsa wuta. Wasu sun fara ɗaure kaya. Kasilda ta ƙi taɓa ko tukunya ɗaya, ta ce sai ta ga hayaƙi. Ki yi mana addu'a.

Ƙaninki,
Toribio

Ameyalko, farkon ruwa

Yaya Petronila,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da duk wanda ke cin tuwonki. Ki lura da sunan garin da na rubuta a sama.

Kin san halina a kasuwa. In na kama mai awo yana danna yatsa a mudu, ba na ihu, tsayawa nake in ga yadda yake yi. Na sauka San Andres ranar kasuwa na nemi magatakardan alƙali, wani siriri mai suna Onofre, mai son ruwan magei fiye da yadda ya kamaci mai riƙe alƙalami. Muka zauna a inuwa. Na yi ta yaba ladabin maigidansa, sannan na tambaye shi, kamar mai neman ilmi, ko ɗora takarda a kai gata ne na alƙalai kaɗai. Ya ce ina, duk majalisar gari da ke riƙe da sanda daga hannun Sarki tana da wannan, muddin an yi shi da ladabi a gaban magatakarda. Na ce shi magatakardan fa, in ya ƙi rubutawa? Ya ce ai rantsuwa ya yi, abin da aka faɗa a gabansa dole ya shiga takarda, ko da uwarsa aka zaga. Na ƙara masa ƙwarya.

Majalisarmu kuwa tana da sandunanta, Kastilawa da kansu suka ba mu. Na kai wa Donya Magdalena maganar. Ta ce in koya mata kalmomin da Kastilanci. Mako guda tana niƙa tana maimaitawa, muna gwadawa da busasshiyar waina a maimakon takarda, jikokinta suna dariya har da faɗuwa.

Ranar ta zo. Alƙali ya hau da dogarai, wasunsu riƙe da itatuwan wuta da rana tsaka. Onofre ya karanta umarnin, ya miƙa wa sabon shugabanmu, ɗan wan marigayi. Sai Donya Magdalena ta fito daga bayansa, ta karɓa da hannu biyu. Ta yaye mayafinta. Ta sumbaci takardar, ta ɗora a kan furfurarta, ta runtse ido, ta ce da Kastilancinta na dutsen niƙa: "Mun yi biyayya. Amma ba za mu zartar ba, sai an ƙara sanar da Sarki gaskiyar lamari."

Ta miƙa wa shugaba, ya yi haka. Ya miƙa wa masu sanduna, suka yi. Abin da ban shirya ba shi ne abin da ya biyo baya. Gari duka ya yi layi. Maza, mata, makaho Lorenso, masu goyo suna ɗora wa jariransu. Ba guɗa, ba dariya, ba ka jin komai sai idon ruwa da kalmomin nan suna fita daga baki zuwa baki, har suka daina kama da Kastilanci suka koma kamar addu'a. Takardar ta yi laushi don sumba. Na tsaya a soron Madrid, na tsaya a gaban teku, amma ban ji ƙanƙantata ba kamar a ƙofar cocin da aka yi mini baftisma.

Alƙali yana kan doki bai motsa ba. Ya dubi Onofre, ya ga alƙalami yana tafiya. In ya ce abin da muka yi tawaye ne, to nasa yana shafin da ya gabata a littafi ɗaya. Ya sunkuyo ya tambayi tsohuwar wa ya koya musu wannan.

Ta ce, "Kai, ranka ya daɗe. Mun ga yadda ake girmama Sarki."

Na juya masa ba ƙari ba ragi. Sai ya cire mata hula. Dogarai suka tsoma itatuwansu a cikin ruwanmu. Da zai juya ya kira ni gefe, ya ce, Toribio, kar ka yi murna, amsa za ta zo. Na ce na sani, ranka ya daɗe, na zauna a bencin da ake jiranta.

Yanzu takardarsa da tamu suna hanyar teku a akwati ɗaya. Za su kwana a kan azurfa, su hau keken shanu, su je su kwanta a ƙarƙashin ta Kispe. Wataƙila tsoho mai farin ido ya tuna mu, wataƙila ya mutu. Ƙararrawa tana San Andres har yanzu, in iska ta juyo mukan ji ta, sai mu shiga coci.

Ki zo da yara kafin ruwa ya yi ƙarfi, magein Baba sun nuna, kuma Inna da Baba suna inda kika bar su. Ki taho da fartanyar Bernabe, akwai aiki. Na ce a shuka masara da wake, abin da za a girbe kafin wata takarda ta iso. Donya Magdalena ta dube ni kamar na yi wauta, ta sa aka share tudun bayan coci gaba ɗaya. Magei take dasawa, Yaya, wanda sai jikokinta sun yi gemu za a sha.

Ƙaninki mai jiran zuwanki,
Toribio